Daga matsakaicin ofishin odit zuwa ɗaya daga cikin manyan huɗu: in karɓi kujerar siniya?

Ɗan Fagge: Assalamu alaikum 'yan uwa akantoci. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa bin wannan hanya. Ina aiki a wani matsakaicin kamfanin odit, wato binciken littattafan kuɗi, a Kano, muna da reshe a Abuja da Kaduna. Na kammala jarrabawar ICAN, cibiyar ƙwararrun akantoci ta Najeriya, yanzu ni mataimakin manaja ne. Ɗaya daga cikin manyan kamfanonin odit huɗun nan, wato PwC da KPMG da Deloitte da EY, ya turo min takardar ɗauka aiki a sashen odit, ofishinsu na Legas, amma a matsayin siniya. Albashin ya fi nawa nesa ba kusa ba, sai dai muƙamin ya koma baya. A nan ni nake tsara aiki, ni nake zama da mai kamfani, in haɗa bayanan kuɗi, in yi lissafin haraji, in kai wa fatna, wato ɗaya daga cikin masu ofishin, ya duba ya sa hannu. Can an ce min sai aikina ya bi ta hannun mutum biyu ko uku kafin fatna ya gan shi. Ina da iyali. Sun ce in fara a farkon Janairu. Me kuka gani?

Abu Sadik: Wa alaikumus salam. Kafin komai, albashin da suka rubuta maka na shekara ne kafin a cire komai. Ka zauna ka cire haraji, ka cire kashi 8 na fansho, ka ga abin da zai shigo asusunka a wata. Sannan ka tambayi kuɗin haya a Yaba ko Gbagada ko Surulere, domin ofisoshinsu suna tsallaken ruwa, wajen Victoria Island da Marina, kuma albashin siniya ba zai kama maka gidan iyali a can ba. Hayar shekara ake biya a dunƙule, ga kuɗin dillali da na yarjejeniya. Ƙara kuɗin makarantar yara da na jirgi ko mota zuwa gida da sallah. Abin da ya rage shi ne ƙarin da aka yi maka na gaskiya.

Ɗan Fagge: Na yi wannan lissafin, Abu Sadik. Bayan an cire komai akwai saura, amma bai kai yadda ido ke gani a takarda ba. Ba kuɗin ne ya fi tsaya min a rai ba, maganar muƙamin ce.

Baffa Mai Lissafi: Ɗana, ni kam ba na goyon bayan tafiyar nan, kuma zan gaya maka dalili. Abin da kake da shi yanzu ba kowa ke da shi ba. Kai ka san yadda ake shiga kamfanin sarrafa shinkafa a Sharada ko Challawa ranar 31 ga Disamba, cikin hazo, a ƙirga buhuna layi-layi, a hau saman tuli a duba ko an bar rami a tsakiya. Ka san yadda ake karɓar rasit a cikin kwali daga hannun ɗan kasuwar Kwari a fitar masa da littafi mai kai da ƙafa. Alhazan nan sun san fuskarka, suna kiran wayarka kai tsaye. Wannan ita ce jarin mai son buɗe ofishinsa wata rana. Marigayi Akintola Williams da ake ta ambato, a 1952 ya buɗe nasa ofishin a Legas, lokacin da Turawa suka riƙe aikin gaba ɗaya, kuma sunansa ne ya daɗe a jikin Deloitte ta Najeriya. In ka je can za a ba ka sashe ɗaya na fayil ɗin wani banki, ka yi ta tisawa shekara da shekaru, mai bankin ma bai san kana duniya ba. Nan da 'yan shekaru a inda kake za ka iya zama fatna. Can kuwa layin dogo ne ƙwarai.

Maman Hanif: Baffa, da girmanka, zan ɗan saɓa maka. Ni na yi irin wannan ƙaurar, daga matsakaicin ofis a Abuja zuwa ɗaya daga cikinsu, kuma ni ma muƙamina ya sauka. Malam Ɗan Fagge, bari in faɗa maka abin da siniya yake nufi a can, domin sunan ne ke ruɗar ka.

Siniya shi ne mai riƙe da aiki a fili. Manaja yana da kamfanoni da yawa a hannunsa, leƙowa yake yi. Kai ne za ka zauna a ɗakin da kwastoma ya ware muku, da yara uku ko huɗu a ƙarƙashinka, ka raba musu aiki, ka duba abin da suka yi, ka bi shugaban sashen kuɗi kana neman takardu, ka amsa tambayoyin da manaja ya jera maka a fayil. Wato aikin da kake yi yanzu ne ta fuskar jagoranci, sai dai kamfanin da kake bincika ya ninka naka na yanzu sau da yawa, kuma ba a yarda ka taɓa littafinsu. Wannan shi ne babban bambanci. A ofisoshinmu na gida, mu faɗi gaskiya, sau da yawa mu ne muke haɗa wa kwastoma bayanan kuɗin, mu kuma dawo mu bincika. Can haramun ne a kan duk kamfanin da jama'a ke da hannun jari a ciki. Su za su kawo nasu, kai aikinka ka kafa hujja cewa daidai ne.

Kuma hujjar tana da tsari. Kowane kamfani yana da manhajarsa: PwC suna da Aura, EY suna da Canvas, KPMG suna da Clara, Deloitte suna da Omnia. Ba irin Excel da CaseWare da muka saba ba ne. Manhajar ce za ta tilasta maka ka rubuta haɗarin da ka hango a kowane asusu, ka nuna matakan tsaro da kamfanin ya kafa, ka gwada su, ka fitar da adadin samfurin da za ka duba bisa ƙa'idarsu, ba bisa yadda ranka ya kwanta ba. Ba za ka rufe fayil ba sai kowane gurbi ya cika. Abin da ya fi ba ni wuya a watannin farko shi ne yaran da ke ƙarƙashina sun fi ni sanin tsarin, domin su a ciki aka rene su tun daga bautar ƙasa. Ni na fi su sanin lissafi, na fi su gane inda ake ɓoye abu, amma sai na sunkuyar da kai na tambayi yarinyar da na girma da shekaru yadda ake haɗa takardar gwaji da haɗarin da ta shafa. In da a matsayin mataimakiyar manaja suka ɗauke ni a ranar farko, da na duba aikin da ban san yadda ake yin sa ba. Don haka ni ban ga saukar muƙamin a matsayin wulaƙanci ba. Abin da zan yi faɗa a kai daban ne, zan dawo kansa.

Baffa Mai Lissafi: Hajiya, na ji ki, amma kin tabbatar da maganata ne. Mutum ya bar inda shi ne ido da kunnen fatna, ya je yana koyon cika gurbi a kwamfuta.

Maman Hanif: Ba cika gurbi kawai ba ne, Baffa. A can na fara ganin yadda ake lissafin hasashen asarar bashi na IFRS 9, ɗaya daga cikin ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya, a littafin banki na gaske, da masana lissafin haɗari a gefe suna warware ƙirar. A can na ga yadda ake haɗa bayanan rukunin kamfanoni masu rassa a ƙasashe daban-daban, da yadda ake aika rahoto ga oditan uwar kamfani a waje. Tun 2012 Najeriya ta fara aiki da IFRS a kamfanonin da ke kasuwar hannun jari, amma sassa da yawa na ƙa'idojin nan a jarrabawa kaɗai na san su sai da na je. Masu inshora kuma tun Janairun 2023 suke fama da IFRS 17. Yau da nake riƙe da sashen kuɗi a wani kamfani, abin da aka tambaye ni a ganawar ɗauka aiki ke nan.

Akantan Tudun Wada: Baffa, akwai kuma abin da ya kamata mu kalla da idon basira game da makomar ƙananan ofisoshi. Dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajibcin naɗa odita. Wannan aikin shi ne abincin yau da kullum na ofisoshi da yawa a Arewa. Manyan ayyuka kuwa, bankuna da kamfanonin sadarwa da siminti, kusan duk suna zagayawa ne tsakanin PwC da KPMG da Deloitte da EY. Ko da ƙa'idar shekara goma ta tilasta a canza odita, daga hannun ɗaya zuwa ɗaya yake komawa. Matsakaita irin su BDO da Grant Thornton da PKF suna samun nasu rabon, amma na ƙasa da su sai ayyukan gwamnati da ƙungiyoyin agaji da bankunan ƙananan 'yan kasuwa.

Baffa Mai Lissafi: Doka ta ɗauke, amma banki bai ɗauke ba. Duk ɗan kasuwar da zai nemi bashi ko kwangila sai an ce ya kawo bayanan kuɗi da hatimin akanta. Kuma ga sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, masu aiki daga Janairun 2026, waɗanda suka mayar da hukumar tara haraji ta tarayya, FIRS, zuwa NRS. Kowane mai masana'anta a Bompai zai nemi wanda zai zaunar da shi ya yi masa bayani da Hausa. A daidai wannan lokacin ne yaron nan zai tattara ya bar gari?

Akantan Tudun Wada: Wannan kam gaskiya ce, aikin haraji zai buɗe. Ban musa ba.

Ɗan Fagge: Baffa, wallahi wannan maganar ta taɓa ni, domin haraji na fi jin daɗinsa a aikina. Can kuma an gaya min sashen haraji daban ne, mai odit ba ya taɓa shi.

Maman Hanif: Haka ne, ba za ka taɓa shi ba, sai dai ka tura musu lissafin kwastoma su duba su dawo maka da shi. In haraji ne a zuciyarka, ka tambaye su tun yanzu ko akwai gurbi a sashen haraji. Canza sashe bayan an shiga yana yiwuwa amma ba da wuri ba.

Yanzu ga abin da na ce zan dawo kansa, kuma shi ne mafi muhimmanci a duk abin da ka rubuta: Janairu. Kada ka yarda da sauƙi. Daga Janairu zuwa ƙarshen Maris ita ce kakar aiki, domin yawancin kamfanoni suna rufe shekara a Disamba, bankuna kuma wata uku suke da shi su miƙa wa CBN, na kasuwar hannun jari ma kwana 90. Wanda ya shigo a Janairu ba wanda ke da lokacin koya masa komai. Za a ba ka kwamfuta da katin shiga, a tura ka wajen kwastoma a makon farko, a ɗora maka fayil ɗin da wani ya fara tun binciken tsakiyar shekara ya ajiye aiki ya tafi Ingila ko Kanada. Dalilin da ya sa suke neman irinka da gaggawa ke nan, siniyoyinsu suna ficewa. Kuma da wannan aikin na wata ukun za a auna ka. Na ga mutum mai ƙwazo da aka yi wa tambarin rauni saboda haka kawai, ya daɗe bai wanke kansa ba.

In za su yarda ka fara yanzu, ka samu ko da makonni ne na binciken share fage kafin a rufe shekara, ya fi. In ba haka ba, ka roƙi Afrilu ko bayan Yuni, lokacin da ake horar da ma'aikata. In sun dage a kan Janairu, to su rubuta maka cewa za a ba ka horon manhaja kafin a tura ka fili, kuma aikinka na farko kada ya zama banki.

Sannan ka tambaye su abu biyu a rubuce. Siniya hawa-hawa ne, wani kamfanin biyu wani uku, a wane hawa za su sa ka? Da irin gogewarka, na ƙarshe ya kamata. Na biyu, yaushe ne zagayen ƙarin girma na farko da za ka shiga? Shekarar kasuwancinsu ba a Disamba take ƙarewa ba, Deloitte a Mayu, PwC da EY a Yuni, KPMG a Satumba, kuma ƙarin girma yana bin wannan. Wanda ya shigo a Janairu ana iya ce masa bai cika watannin da za a auna shi ba, sai ya jira zagaye na gaba. Ka ga an ƙara maka shekara guda a kujerar siniya ba tare da ka sani ba.

Abu Sadik: Wannan bayanin ya fi duk lissafin hayar da na kawo. Allah Ya saka da alheri, Hajiya.

Malam Na Zariya: Ni tambayata ta wani ɓangare ce. A ofisoshinmu mutum yana iya ce wa fatna ba zai je kamfanin giya ba, a fahimce shi. Can fa? Da bankunan ruwa, tunda su ne manyan kwastomominsu?

Maman Hanif: Malam, kamfanin giya na nemi a cire ni, aka cire ni ba tare da wata hayaniya ba, domin ma'aikata suna da yawa. Banki ya fi wuya in aka jefa ka rukunin harkokin kuɗi, domin aikin rukunin ke nan gaba ɗaya. Ana raba masu odit rukuni-rukuni: harkokin kuɗi, makamashi, kayan masarufi da masana'antu, sadarwa. Ya faɗi wanda yake so tun kafin ya sa hannu. Da gogewarsa ta masana'antu, rukunin kayan masarufi ne gidansa. Hukuncin shari'a kuwa malamai ya kamata ya tambaya.

Malam Na Zariya: Na gamsu. In ma harkokin kuɗin yake so, akwai bankunan da ba sa cin ruwa, Jaiz da ya fara aiki a 2012, ga TAJ da Lotus, kuma masu sanin ƙa'idojin AAOIFI na lissafin harkokin kuɗin Musulunci ba su da yawa. Ɗan Arewa da ya haɗa wannan da horon babban kamfani ba zai rasa wurin zuwa ba.

Ummu Khairat: Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba akanta ba ce, maigidana ne, da wayarsa nake bin zauren nan da izininsa. Malam, ka zauna da matarka ka gaya mata gaskiyar yadda watannin nan suke. Azumin 2025 a Maris ya faɗo, na 2026 kuma a Fabrairu, duk cikin kakar aikin. Maigidana a ofishin kwastoma yake shan ruwa da dabino da ruwan roba, ya dawo gida yara sun yi barci, ya yi sahur ya fita kafin gadar Third Mainland ta cushe. Ni ce da yara a garin da ba ni da uwa ba ni da ƙanwa. Mun jure, kuma ba mu yi nadama ba, amma da an gaya min tun farko da na zauna a gida sai bayan sallah na biyo shi.

Ɗan Fagge: Na gode ƙwarai, Hajiya. Mun yi maganar sama-sama, amma ba a wannan zurfin ba. Zan nuna mata saƙonki.

Sabon Akanta: Yayyena, tambaya daga gefe. Mai takardar ANAN, ɗaya ƙungiyar akantocin ta Najeriya, suna ɗaukar sa?

Akantan Tudun Wada: ANAN doka ta amince da ita tun 1993, kuma a aikin gwamnati tana da ƙarfi sosai. Amma a sashen odit na manyan nan, ICAN ko ACCA ta Birtaniya za ka fi gani a tallan aikinsu. In can kake hari, ka kama ICAN.

Abu Sadik: Wani abu da ba a ambata ba. Za su sa ka bayyana duk hannun jarin da kake da shi, har da na matarka. In kana da na kamfanin da suke bincika, musamman wanda za a tura ka, sai ka sayar. Mutanenmu da yawa sun sayi na bankuna a 2024 da CBN ta ce su ƙara jari. Ka duba tun yanzu. Kuma ka shirya wa rubuta awoyinka kowane mako, awa nawa ka yi wa wane kwastoma, domin da shi ake auna ko kana da amfani.

Baffa Mai Lissafi: To, na ga zaure ya karkata. Ban canza ra'ayi ba, ni da ɗana na cikina ne zan ce ya zauna ya riƙe haraji. Amma in ka yanke tafiya, ga abin da nake roƙon ka. Kada fatnanka ya ji a bakin wani. Ka same shi a ofis ko ka bi shi gida bayan la'asar, ka gaya masa da bakinka kafin ka miƙa takarda. Shi ya sa maka hannu a takardun horonka, sunansa da lambarsa ta FRC, hukumar kula da rahoton kuɗi, ne a kan duk aikin da ka yi, kuma Disamba ce ke tafe, yana lissafi da kai a ƙirgar kaya. Ka cika wa'adin da ke cikin yarjejeniyarku. Kada ka ɗauki fayil ko ɗaya, kada ka kira kwastoma ko ɗaya ka ce masa ka tashi sai shi ya sanar. Akantocin Arewa ba mu da yawa, a taron gundumar ICAN za ku riƙa haɗuwa, kuma ranar da za ka dawo neman lasisi ko abokin buɗe ofis, shi za a fara tambaya.

Maman Hanif: A nan kam ba ni da ta cewa, Baffa ya gama magana. Kuma wannan ma hujja ce da za ka ba su ta ɗage ranar farawa. Ka ce kana da ayyukan ƙarshen shekara a hannu, ba za ka watsar da su ba. Su ma masu odit ne, sun san ma'anar hakan.

Ɗan Fagge: Jama'a, na dawo da bayani. Na rubuta musu kamar yadda Maman Hanif ta tsara. Sun amsa cewa hawan ƙarshe na siniya ne, rukunin kayan masarufi da masana'antu. Sashen haraji babu gurbi yanzu. Game da ƙarin girma sun ce ba za su yi alkawari a rubuce ba, amma zan shiga zagayen farko in na cika watannin da ƙa'idarsu ta tanada. Janairu kuma sun dage, sai da na kawo maganar ayyukan da ke hannuna, suka ce za su koma wa fatnan rukunin su ji ko Afrilu zai yiwu. Na kuma je na samu Oga a gida, Baffa. Bai ji daɗi ba, amma ya sa min albarka, ya ce in na tsaya na kammala masa ayyukan Maris shi da kansa zai rubuta min takardar shaida. Yanzu amsarsu nake jira. In suka ce Afrilu zan tafi ni kaɗai tukuna, iyali su biyo ni in an yi hutun makaranta.

Maman Hanif: Ka tambaye su adadin watannin nan, lamba nake so su faɗa maka. In ka fara a Afrilu kuma zagayensu na tsakiyar shekara ne, da wuya ka cika, ka san da haka kafin ka sa hannu. In na Satumba ne kana da dama.

Ɗan Fagge: Zan tura musu yau in sha Allah. In suka ƙi Afrilu fa?

Baffa Mai Lissafi: In suka ƙi, ka ce su riƙe sunanka zuwa ɗaukar da za su yi bayan kaka. Wanda ya neme ka a Nuwamba zai neme ka a Mayu, siniyoyin da suka tafi ba dawowa za su yi ba.